Tsatsa a tankin Jincheng: yadda muka farfaɗo da babur ɗin gidanmu

Babur ɗin Jincheng ne, irin mai hayaƙin nan da aka ƙera a kan samfurin Suzuki AX100, wanda a wani zamani duk inda ka waiga a Kano shi za ka gani. Mahaifinmu ne ya saye shi. Babban yayanmu ya yi acaɓa da shi har zuwa Janairun 2013 da gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, daga nan ya koma na zuwa gona da kai niƙa. A ƙarshe ya faɗo hannun autanmu, wanda ke saro kayan miya a kasuwar 'Yankaba yana rarraba wa masu tebur a unguwa.

Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Auta ya koma sayen man yini: yau lita ɗaya, gobe rabi, galibi a hannun 'yan bumburutu a bakin titi. Ya yi wata uku a haka lissafi ya ƙi fita, sai ya jingine babur a gindin darbejiyar tsakar gida, ya lulluɓa masa tsohon buhu, ya koma keke. Nan babur ya ci ƙarshen daminar 2023, ya ci ta 2024 gaba ɗayanta. A Disamban 2024 wani mai gidan abinci ya nemi a riƙa kawo masa kaya kullum da sassafe, abin da keke ba zai iya ba, shi ne aka janyo shi.

Bakaniken unguwa ya canza fulogi, ya wanke kafireto, ya zuba sabon mai a kan ragowar da ke ciki, aka buga kik sau uku ya tashi. Kwana biyu lafiya lau. Rana ta uku, a hanyar dawowa da kwandon tumatir a baya, ya fara fizga. In an murɗa totur sai ya shaƙe kamar zai mutu, in an sassauta ya ɗan dawo hayyacinsa, har ya mutu gaba ɗaya Auta ya turo shi gida. Aka sake wanke kafireto. Bayan kwana huɗu kuma sai ga wani sabon salo: babur a tsaye, inji a kashe, fetur yana ɗiga ta tiyon ƙasan kafireto.

Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma lokacin muna hutu. A wanki na uku na bi su na zauna a bencin garejin ina kallo. Da bakaniken ya kwance kwanon ƙasan kafireto, sai ga wata laka ja a kwance, kamar an jiƙa garin jar ƙasa. Ya ɗauraye ta da fetur, ya hura jet, wato 'yar siririyar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireto, da baki, ya ɗaga shi sama ya ga haske ya ratsa, ya fara mayarwa. Na ce, “Oga, daga ina wannan ke zuwa?” Ya ce, “Malam, man yanzu ne, duk datti.” Ban ga laifinsa ba. Wankin kafireto aka kawo masa, ya kuma wanke shi tas. Amma wanda ke kwashe ruwa a ɗaki alhali rufi na yoyo zai kwana yana kwasa.

Na tambayi Auta ko babur ɗin ya fi mutuwa in famfon mai yana kan rizab. Ya ce, “Yaya, ai ni kullum a rizab nake.” Wannan amsar ta buɗe mini rabin lamarin. Famfon man babur yana da ƙofa biyu a cikin tanki. Ɗaya tana kan wani ɗan bututu mai tsawon ɗan yatsa, tana zuƙo mai daga sama. Ita ce ta yau da kullum. Ta rizab tana can ƙasa daf da gindin tanki, an yi ta ne don 'yan kilomitoci kaɗan zuwa gidan mai. Duk wanda ke zuba lita ɗaya a tankin da ke cin kusan lita goma sha biyu, daga ƙofar ƙasa yake sha, kuma duk abin da ya fi fetur nauyi can yake kwanciya.

Muka zare tiyo daga kafireto, muka tsiyayo man a farar gorar roba, muka ajiye ta minti goma a inuwa. Ta rabu gida uku. Sama fetur ne da ya yi duhu, yana warin tsohon fenti. A ƙarƙashinsa ruwa, kaurin yatsa biyu, launin ruwan goro. A gindi kuma ɓarɓashi. Na tace ɓarɓashin a tsumma, na kara masa mayen ƙarfe na tsohuwar sifika, mafi yawansa ya yi tsalle ya manne. Da yashi ne daga jarkar ɗan bumburutu, da ba zai motsa ba. Tankin ne da kansa yake marmashewa yana bin tiyo, ƙanana su toshe jet, manya su maƙale a bakin allurar da ke rufe mai in kwano ya cika, shi ya sa fetur ke ambaliya.

Abin da ya ƙara ɗaga mini hankali shi ne irin injin. A inji mai hayaƙi, jet ɗin da ya toshe rabi ya fi wanda ya toshe duka haɗari, domin babur zai ci gaba da tafiya da mai kaɗan da iska mai yawa, inji ya ɗau zafi fiye da ƙima, fistin ya kama. Gyaran tanki na 'yan kwanaki sai ya koma sauke inji.

Ta ina ruwa ya shiga

Tsatsa ba ta samuwa sai abu uku sun haɗu: ƙarfe, iskar oksijin da danshi. Fetur kansa ba ya cin ƙarfe, yana ma kare shi daga iska. Lita ɗaya ta fetur ba ta wuce kashi uku cikin huɗu na nauyin litar ruwa ba, kuma ba sa gauraya, don haka ko ɗigo ɗaya ne ya shiga, gindi zai nufa ya zauna.

Tankin babur kamar sirdi yake, ya hau kan ƙashin bayan babur ya sauko da kumatu biyu, hagu da dama. Famfo yana hagu. Ruwan da ya gangara kumatun dama ba shi da mafita, sai dai in babur ya kwanta. Da muka duba daga baya, nan ɓarnar ta fi muni.

Hanyoyin shigar ruwan kuwa uku na gano. Ta farko murfi: robar da ke zagaye da bakinsa ta bushe ta tsattsage kamar diddigen manomi a hunturu, ruwan sama yana taruwa a kan buhu ya tsatso ya bi ta nan. Ta biyu man jarka, wanda ba wanda ya san abin da jarkar ta ɗauka jiya. Ta uku ita ce mutane ba su cika yarda da ita ba, wato gumin tanki. Da rana ƙarfe ya yi zafi iskar ciki ta kumbura ta fita ta 'yar ƙofar numfashi da ke jikin murfi, da dare ya huce ya zuƙo sabuwar iska, a watan Agusta kuwa iskar jiƙe take. Sanyin asuba sai ya mayar da danshin ɗigo-ɗigo a jikin ƙarfe, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi ke gumi, sai dai wannan ta ciki. Cikakken tanki iska kaɗan yake zuƙa. Wanda lita ɗaya ce a cikinsa, ragowar lita goma sha ɗaya duk iska ce, yana ta shaƙa yana fitarwa, dare da rana, wata goma sha biyar.

Tsatsa kuma ba ta tsayawa da kanta. Goran-ruwa, wato alminiyum, in ya haɗu da iska yakan yi wata siririyar fata da ke rufe shi ta kare na ƙasa. Ƙarfe ba haka yake ba: tsatsarsa ta fi shi girma, sai ta kumbura ta ɓamɓare, ta riƙe danshi kamar soso, ta buɗe sabon wuri.

Zaɓin da ke gabanmu

Auta ya so a sayi sabon tanki a huta. Na je kasuwar Ƙofar Ruwa na ɗaga guda biyu a hannu, na ƙwanƙwasa su da ɗan yatsa. Duka ba su kai namu kauri ba, tsofaffin da aka ciro daga wasu baburan kuwa da na haska cikinsu da tocila sai na ga cutarmu ce dai. Ga kuma kuɗin.

Bakaniken ya ce a zuba ruwan batir a girgiza, minti talatin an gama. Gaskiya ne yana ci da sauri, kuma saurin ne matsalarsa. Asid ne mai ƙarfi, ba ya bambanta tsatsa da lafiyayyen ƙarfe, ga tankin da ya riga ya sirance. Yana shiga cikin ɗinkin da aka haɗa ɓangarorin tanki ya ɓuya ya ci gaba da aiki bayan an ɗauraye. In ya fantsama a ido kuwa babu gyara. A gidan da yara ke rarrafe a tsakar gida, ban ma tsaya dogon tunani ba.

Akwai hanyar lantarki, wadda a matsayina na malami ita ta fi burge ni. A cika tanki da ruwan da aka narka sodar wanki a ciki, a rataya guntun rodi a tsakiya ba tare da ya taɓa jikin tankin ba, a maƙala baƙar wayar cajar batir a tanki, ja a rodi. Tsatsa ta saki, rodi ya ɗauki ɓarnar, lafiyayyen ƙarfe bai ragu ba. Sai dai ta fi aiki a inda rodi yake kallo kai tsaye, namu ciwon kuwa yana lungun kumatun dama. Tana kuma son wuta ta yini ɗaya ko biyu ba yankewa, tana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta. Na ajiye ta. Wanda zai gwada, kada ya sa gishiri a madadin soda, kada kuma ya sa ƙarfen nan da ba ya tsatsa a madadin rodi. Na farko yana fitar da iska mai guba, na biyu yana mayar da ruwan guba.

Muka tsaya a kan noti da farin khal, wanda 'yan kanti ke kira binega. Asid ɗinsa bai wuce kashi biyar cikin ɗari ba. Yana da nawa, amma mutum yana iya tsayar da shi a lokacin da ya so.

Aikin

Ba mu yi a tsakar gida ba, saboda murhu. Muka kai kangon bayan gida. Wannan ba tsoro ne na banza ba: tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa kamar ruwa, kuma ko kashi biyu cikin ɗari ya kai a iska tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari. Na gargaɗi Auta kada ya kuskura ya leƙa ciki da ashana ko laita.

Muka ɗage kujera, muka kwance notin baya, tanki ya zamo. Muka cire famfo, domin ba ƙarfe ba ne, wani gami ne mai laushi da asid ke cinyewa. 'Yar ragar da ke kansa ma ta yage, abin da ya ba ɓarɓashi hanya ke nan. Ƙofar famfon muka toshe da guntun tsohon tub da ɗan falange, muka ɗaure da notinsa biyu. Sannan wanki da omo da ruwan zafi, sau uku, har warin fetur ya ragu ƙwarai. Wannan matakin ba a tsallake shi, domin khal ba ya ratsa maiƙo. Duk inda tsohon mai ya daskare, tsatsar da ke ƙarƙashi za ta tsira.

Sai girgiza. Mutane da yawa tsakuwa suke zubawa. Na ƙi ta saboda bakin tanki yana da leɓe da ya lanƙwasa ciki, abin da ya shiga ba ya fitowa da daɗi, kuma tsakuwa tana barin yashi, ba ta bin mayen ƙarfe. Muka tara tsofaffin noti a gareji, na ƙirga arba'in a gaban Auta, muka zuba da ruwan omo kamar lita ɗaya. Muka naɗe tankin da tsohon bargo saboda fenti, muka riƙa karɓa-karɓa, minti biyar-biyar, ana juya shi kowane ɓangare. Ƙarar tana kai wa maƙwabta. Ruwan farko ya fito kamar kunun kanwa, da ɓawon tsatsa wasu sun kai farce faɗi. Sai a zubi na biyar ya fara haske. Da muka juye noti, talatin da tara suka fito. Na arba'in ya ci mana rabin awa kafin mu kamo shi da guntun mayen ƙarfe a bakin waya. Da ba mu ƙirga ba, da yana ciki har yau yana goge ƙarfe.

Cika tankin da khal ya fi ƙarfin aljihunmu, don haka lita huɗu muka saya muka riƙa juya tankin. A tsaye daga safe zuwa dare, a kan kumatun dama daga dare zuwa safe, sannan hagu, sannan a kife. Duk juyi sai mu tsiyaye khal ɗin ta tsumma mu mayar. Bakin sama mun rufe shi da roba ne ba da murfinsa ba, muna buɗewa lokaci-lokaci, domin asid in yana cin ƙarfe yana fitar da iska, in ba ta sami hanya ba za ta nemi ta kanta. Sanyin Disamba yana rage masa kuzari, shi ya sa da rana muke fitar da tankin hantsi. Khal ya shiga fari kamar ruwa. A yini ɗaya ya koma ruwan tsamiya, a na biyu baƙin shayi.

Safiyar kwana na biyu na ɗaga tankin na ga kwalin da ke ƙarƙashi ya jiƙe, faɗin kwabo. Na bi da yatsa a kan ɗinkin ƙasa ta dama, can baya, sai na ji fenti ya yi ƙurji. Na danna da farce ya fashe, ga huda kamar tsinin allura, ga wasu biyu a kusa da ita. Auta ya ce, “Yaya, ka ga ruwan naka ya huda shi.” Na nuna masa ƙurjin fentin, wanda ya bushe ya tsufa, ba na jiya ba ne. Hudar ta daɗe, tsatsa da fenti ne suka toshe ta. Da ba a buɗe ta a kango ba, da wata rana za ta buɗe a kan titi, daidai saman inji mai zafi, tsakanin cinyoyinsa. Na goga mata sabulun wanki na sanda, dabarar direbobi ta wucin gadi, na ɗaure da roba don khal ya ƙarasa aikinsa.

Da magaribar kwana na uku muka juye, muka ɗauraye da ruwa sau huɗu. Na haska ciki: ƙarfe toka-toka, tsaf, sai 'yan ramuka kamar zanzana inda tsatsa ta ci. Dare ya yi, na kife shi a kan bulo na ce ya tsane kafin safe. Wannan shi ne kuskuren da na yi a aikin. Da gari ya waye cikin tankin gaba ɗaya ya yi ja kamar an shafa masa lalle. Ƙarfen da asid ya wanke ba shi da ko ɗigon maiƙo a kansa, ga ragowar tsami a lunguna, ga danshi, ga iska; cikin mintuna yake fara tsatsa, ba ya jiran kwana. Siririya ce, ba ta ci komai ba, amma ta nuna mini cewa tsakanin juye asid da shafa mai bai kamata a sa ko sallama da baƙo ba.

Huda

Auta ya ce a kai wa mai walda. Na hana, ko da yake mun wanke shi sau da yawa. Fetur yana maƙalewa a cikin ɗinki, zafi ya taso da shi. Ga shi kuma ƙarfen wurin ya yi siriri, wutar walda za ta ƙara faɗin hudar ne kawai. Muka kai wa wani dattijo mai gyaran lagireto. Kafin ya ce komai sai da ya kai hancinsa bakin tankin ya shinshina, ya ce, “Wa ya wanke?” Na ce, “Mu ne, Baba.” Ya gyaɗa kai, amma duk da haka bai kawo harshen wuta kusa ba. Ya kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli faɗin yatsa uku, ya ɗora kan tagullar da yake narka dalma da ita a garwashi can gefe, ya shafa ruwan da ke sa dalma ta kama, ya ɗauko tagullar da zafinta ya shimfiɗa dalma, sannan ya ɗora 'yar farar tagulla siririya ta rufe hudojin uku, ya bi gefenta ya liƙe. Bai yi minti ashirin ba.

Gwajinsa ma na koya. Ya zuba kananzir a ciki, ya goga alli a kan ɗinkin duka ta waje, muka zauna muna hira kusan awa ɗaya. Kananzir yana ratsa inda ruwa ba ya ratsawa, in akwai ko tsaga ce allin zai yi duhu. Bai yi ba.

Washegari muka sake ɗaukar aikin, wannan karon da komai a jere kafin a fara, kuma da hantsi. Tun daren na jiƙa kanwa a bokiti na tace ta, saboda yashi. Duk macen da ta taɓa dafa yakuwa ta san aikin kanwa: tana kashe tsami. Abin da take yi a tukunya shi take yi a tanki. Muka wanke kananzir da omo, muka zuba sabon khal lita ɗaya muka juya shi na rabin awa, jan nan ya tafi. Muka juye, muka ɗauraye, muka zuba ruwan kanwa, ya ɗan yi kumfa ya lafa, muka girgiza minti biyar ya shiga kowane lungu. Ita ma kanwar ba a barinta, domin akwai gishiri a cikinta, sai muka bi ta da ruwa mai kyau sau biyu. Na ƙarshe tafasasshe ne, don ƙarfe ya ɗau zafi ya taya mu busar da kansa. Auta ya riƙe tankin da tsumma yana kaɗawa, ni kuma na ɗaura ƙyalle a bakin waya ina tsane kumatun biyu. Na zuba sifirit rabin kofi, wanda ke haɗuwa da ragowar ruwa ya tashi da shi, muka juya muka zubar. Muka buɗe ƙofar famfo, muka sa famfon keke muna hura iska, tankin yana cikin rana, iskar hunturu tana kaɗawa. A damina da wannan matakin ya ba mu wuya. Da na sa yatsa na ji ciki ya bushe ƙayau, sai na haɗa man tu-ti, wato man inji na babur mai hayaƙi, kofi ɗaya da fetur kaɗan na zuba, muka mirgina tankin har ya shafi ko'ina, rufi da kumatu, muka tsiyaye ragowar. Daga juye khal zuwa shafa mai, awa ɗaya da rabi.

A ƙasashen waje akwai wani ruwan roba da ake zubawa ya daskare ya zama riga a cikin tanki. Da yana kusa ma zan yi jinkiri, domin in ƙarfe bai bushe sarai ba rigar tana saɓulewa ta toshe famfo fiye da tsatsa, cire ta kuma azaba ce. Fenti na gama-gari ko gam kuwa kada ma a fara, fetur yana narkar da su. Abin da na so na samu shi ne asid ɗin fosforik, wanda ke barin wata baƙar fata a kan ƙarfe mai jinkirta tsatsa. Masu cewa a zuba Coca-Cola daga nan suka samo maganar, don akwai shi a ciki, amma ɗan kaɗan ne ƙwarai, ga sukari da zai bar danƙo.

Sauran kayan ba su da tsada: sabon famfo da ragarsa, sabon tiyo, sabon murfi mai lafiyayyar roba, da ɗan matacin mai na farar roba da muka sa tsakanin famfo da kafireto don ido ya riƙa ganin abin da ke wucewa. Bakaniken ya wanke kafireto karo na huɗu. Na roƙe shi kada ya zura waya a jet, don tana faɗaɗa ƙofar babur ya koma shan mai. Ya yi da iska.

Bayan nan

Saura magana ɗaya, kuma ita ta fi wanki wuya. Tankin da aka kankare ba shi da wata kariya sai man da ke cikinsa, a lokacin kuwa lita ta haura naira dubu. Ka ce wa mai sayar da tumatir ya riƙa barin tanki a cike, kamar ka ce masa ya ajiye jarinsa na kwana biyu a ƙarƙashin kujera ne. Muka zauna da biro. Babur yana shan abin da yake sha a yini, ko daga saman tanki ko daga gindinsa. Cikon farko ne kawai ke da nauyi. Bayan shi kuɗin kullum bai canza ba, sai dai a mayar da abin da aka ƙona. Ni da babban yayanmu muka haɗa muka yi cikon farko a gidan mai, da sharaɗin famfo ba zai koma rizab ba. Ya kuma yarda babur zai riƙa kwana a zaure.

Mako biyu da fara aiki matacin ya tara ɗan ja a gindinsa, ragowar da ta saki daga lunguna, muka canza shi. Na biyun ya yi wata huɗu bai canza launi ba. Kafireto ba a sake buɗe shi ba sai a sabis.

Sharaɗin bai tsaya cif ba. Akwai makonnin da kasuwa ta yi sanyi Auta ya cinye man har rabi, sau biyu kuma ya faɗa mini da bakinsa ya koma rizab. Abin da bai fasa ba shi ne duk farkon wata ya karkata babur hagu sosai don ruwan kumatun dama ya gangaro, ya juya famfo rizab, ya tsiyayi rabin kofi a kwalba ya duba. A cikin damina sau biyu ya ga ruwa, kamar cokalin shayi, ya zubar.

Da ruwa ya ɗauke a Oktoba na sake leƙawa da tocila da guntun madubi. Kumatun biyu toka-toka suke kamar ranar da muka gama, facin dalma ta waje a bushe. A rufin tankin, daf da baki ta gaba, inda mai ba ya kaiwa sai an cika shi fal, akwai ɗigon ja guda uku, kowanne kamar ƙwayar gero. Na goge su da ƙyalle mai man tu-ti a bakin waya, biyu suka tafi, ɗaya ya bar tabo. Na rubuta kwanan wata da alli a bangon zaure, mu sake dubawa in hunturu ya shigo.